Ƙiba da Hawan Jini a Jikin 'Yan Makaranta: Awo Bai Ƙare da Yaye Ba



A zangonninmu na Salaga da Yendi da Bawku, in aka ce wane yana da hawan jini, ko "bi-pi" kamar yadda ake faɗa a bakin asibiti, hankalin kowa kan tafi ne ga tsoho mai furfura ko Hajiyar da ta aurar da jikoki. Ba wanda zai kawo ɗan aji huɗu a ransa. Haka nan in yaro ya yi jiki, kumatu suka cika, wuya ya yi ninki, abin da zai ji daga maƙwabta shi ne: "Ma sha Allah, yaron nan yana samun kulawa." Waɗannan tunani biyu sun daɗe tare da mu, kuma dukansu suna bukatar gyara. Yaro ma yana kamuwa da hawan jini, kuma ƙibar da ta wuce kima tana cikin manyan ƙofofin da ciwon ke shigowa ta cikinsu. Abin da nake so mu duba ke nan a ɗan littafinmu na bana.

Mene ne hawan jini?

Zuciya famfo ce. Duk bugun da ta yi, tana tura jini ne cikin jijiyoyi, ya kai abinci da iska ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido da sauran gaɓoɓi. Wanda ya taɓa riƙe tiyon ban ruwa a lambun albasa ya san cewa ruwa yana danna jikin tiyon daga ciki. In aka ƙara ruwa, ko aka matse bakin tiyon da yatsa, ƙarfin dannawar sai ya ƙaru. Haka jini yake danna bangon jijiya. Wannan ƙarfin shi nas take aunawa in ta ɗaura wa mutum abin nan mai kumbura a dantse.

Awon yana ba da lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2017, wanda ya kai shekara 13 zuwa sama ana son awonsa ya kasance ƙasa da 120 bisa 80. In ya kai 130 bisa 80 ko ya wuce, kuma ya tsaya a haka, to hawan jini ne. Ƙananan yara kuwa ba su da lamba ɗaya tak. Likita zai duba shekarun yaro da tsayinsa, da ko namiji ne ko mace, sannan ya gwada da jadawali. Lambar da za a yi wa baba murna a kanta tana iya zama mai yawa ga yarinya 'yar shekara bakwai.

Abin tsoro da wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Yaro zai ci abinci, ya yi wasa, ya yi hadda, ba zazzaɓi ba ciwon jiki, alhali a ciki jini yana gurzar jijiyoyi dare da rana. Da tafiya ta yi tafiya, naman zuciya sai ya yi kauri saboda aikin da ya yi masa yawa, ƙoda ta fara gajiya, jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa su yi rauni. Yaron da jininsa ya hau tun yana makaranta ya fi sa'o'insa yiwuwar zama babba mai hawan jini. Shanyewar ɓarin jiki da muke gani ta kama mutum ɗan shekara arba'in, muna cewa ta zo ba zato, sau da yawa an daɗe ana shuka ta.

Yaushe jiki ya zama ƙiba?

Ido ba ya iya yanke wannan hukunci shi kaɗai. Akwai yaro mai ƙashi da faɗin ƙirji wanda ba shi da matsala, akwai kuma wanda babbar riga ta rufa wa asiri. Ma'aikatan lafiya suna da lissafi mai sauƙi wanda kowane ɗan aji shida zai iya yi. A auna nauyin yaro da kilo, a auna tsayinsa da mita, a ninka tsayin da kansa, sai a raba nauyin da abin da aka samu.

Ga misali. Yaro ɗan shekara 12 mai tsayin mita 1.5: in aka ninka 1.5 sau 1.5 za a sami 2.25. In nauyinsa kilo 40 ne, 40 a raba da 2.25 ya ba da kusan 18, wato yana daidai. In kuwa nauyinsa kilo 54 ne, lissafin zai ba da 24. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji ɗan shekara 12 da ya haura kusan 20 ya fara nauyin da ya wuce kima, wanda ya haura 23.6 kuma ya shiga ƙiba sosai. Ga 'ya mace mai waɗannan shekaru iyakokin su ne kusan 21 da kuma 25. Kowace shekara da nata iyaka, shi ya sa bayan an yi lissafin ake kai wa nas ta duba jadawali.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne ke da nauyin da ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20, wato sama da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai ta ciwo. Game da hawan jini, wani babban nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya gano cewa kimanin yara 4 cikin 100 suna da shi. Da aka ware su bisa nauyi sai bambanci ya fito fili: cikin masu matsakaicin jiki kusan 2 ne cikin 100, cikin masu ƙiba sosai kuwa kusan 15 cikin 100. Kun ga an ninka fiye da sau bakwai.

Wani zai ce ai wannan zancen Turai ne, ko na 'ya'yan masu kuɗi a Ankara da Kumasi. To mu dawo gida. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta yi a 2014 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A na 2022, cikin mata 'yan 20 zuwa 49, rabi ne cur. Iyayenmu ne da yayyenmu, kuma tukunya ɗaya muke ci da su. A nan arewa ma, binciken da malaman Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale suka buga a 2013 kan 'yan firamare na birnin ya sami kusan yaro ɗaya cikin shida da nauyi fiye da kima. Tamale kuwa ba nisa gare ta ba. Abin da ya shiga kasuwarta yau, gobe yana kan tebur a Yendi da Salaga.

Sai dai kada mu manta da ɗaya gefen. A wannan bincike na 2014, yaro ɗaya cikin uku na 'yan ƙasa da shekara biyar a Yankin Arewa, wanda a lokacin ya haɗa da Salaga da Yendi, bai kai tsayin da ya kamata ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ke nan a benci ɗaya za ka ga wanda ya rame da wanda ya yi ƙiba, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya. Dukansu abu guda suka rasa: abinci mai amfani. Mai ƙibar ma yana iya fama da ƙarancin jini, domin biskit da lemon kwalba suna cika ciki ne kawai.

Yadda ƙiba take ta da jini

Kitse ba kaya ba ne da aka ajiye a ɗaki. Nama ne mai rai, yana bukatar jini. Duk kilon da ya ƙaru, jiki sai ya ƙara jijiyoyi da yawan jini, zuciya kuma ta ƙara ƙarfin turawa. Kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanji da ƙoda, ya fi na cinya haɗari, domin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, yana kuma sa jijiyoyi su tsuke. Ga ruwa ya ƙaru, ga tiyo ya matse.

Akwai kuma zancen barci. Yaro mai kitse a wuya yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa yankewa cikin dare. Duk yankewar sai jiki ya firgita, jini ya hau. Da safe sai ka gan shi yana gyangyaɗi a kan allo, a ce masa rago, alhali bai sami barcin kirki ba ne. Wata alama kuma ita ce fatar bayan wuya ko hammata ta yi baƙi ta yi kauri. Iyaye kan ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirza da soso. Ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jiki ya fara wahala wajen sarrafa sukari, kuma ya kamata likita ya gani.

Me ya canza a zango?

Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna, su yi watanni a hanya da ƙafa, kafin su iso kasuwar Salaga sayen goro. Sunan zango ma daga wurin saukar ayari ya samo asali. Sun ci tuwo mai nauyi, sun sha fura, amma hanya ta cinye abin da suka ci. Ko iyayenmu na jiya, sai sun ɗebo ruwa a rijiya ko dam, sun yi surfe da daka, sun je gona, sun taka zuwa makaranta.

Mu duba ranar ɗalibi a yau. Da safe a ɗora shi a babur ko yalo-yalo zuwa makarantar boko. Ya zauna a benci har bayan azahar. Ya dawo ya ci abinci, ya wuce makarantar allo ko Islamiyya ya sake zama har yamma. Bayan isha'i kuma waya ko talabijin har barci ya ɗauke shi. Karatu biyu alheri ne babba, ba wanda zai ce a rage shi, amma gaskiya ita ce yaron ya wuni a zaune. 'Yan uwanmu na Bawku nasu ya ƙaru, domin a lokutan da aka sa dokar hana fita, wasan dandali da ƙwallon yamma ba su samuwa. Allah ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya.

Abincin ma ya canza. Yara da yawa ba sa karyawa a gida. Kuɗi ake danƙa musu. Me ke jiransu a bakin ƙofar makaranta? Biskit, alewa, fanke, soyayyen doya, indomi da ƙwai, ruwan zaƙi mai launi a leda ko roba. Waɗannan ba su da tsada, suna da daɗi a baki, ba sa lalacewa a rana. Mai sayarwa ba muguwa ba ce, abin da yara ke saye shi take kawowa, da shi take ciyar da nata 'ya'yan.

Lissafin sukari da gishiri

Lemon kwalba irin su Coca-Cola yana da sukari kimanin giram 10 da rabi a kowane mililita 100. Ƙaramar kwalba mai mililita 300 ke nan tana da kusan giram 32, wato ƙaramin cokali takwas. Wa zai zuba cokali takwas a kofin shayi ɗaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne sukarin da babban mutum zai sha a wuni kada ya wuce kimanin cokali shida. Kwalba ɗaya ta riga ta wuce da lissafin wuni guda. Wanda yake shan ɗaya kullum, a shekara ya sha sama da kilo 11 na sukari daga wannan kaɗai, ban da na koko, ban da na shayi. Saboda irin wannan ne a 2023 gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abubuwan sha masu zaƙi.

Kada mu ɗora wa kwalba laifi ita kaɗai. Sobolo da lamurje da burkina da zomkom namu ne, kuma asalinsu abubuwa ne masu kyau. Amma ku tsaya wurin da ake haɗa su don sayarwa ku ga yawan sukarin da ake juyewa. Koko ma sau da yawa ba a jin gero ko citta a cikinsa, zaƙi kawai. Abu mai ruwa yana da wata illa: ba ya ƙosarwa. Yaro zai sha roba guda ya kuma ci abincinsa cif, kamar bai sa komai a ciki ba.

Gishiri kuma shi ne abokin hawan jini na kusa. Abin da aka yarda wa babba a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, na yaro kuma bai kai haka ba. Matsalar ita ce yawancin gishirin da muke ci ba ma ganinsa. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. A miya ɗaya sai a sa magi uku ko huɗu, a ƙara gishiri, a ƙara kifin gishiri, a kawo shito a gefe. Ƙullin yajin da ke cikin ledar indomi shi ma gishiri ne mafi yawansa. Burodi da sardin da biskit duk suna ɗauke da nasu. Harshe yana sabawa da gishiri. Yaron da ya tashi a kan miya mai yawan magi, duk wadda ba ta kai haka ba zai ce lami ce. Abin daɗin shi ne harshe yana sabawa da raguwarsa ma. In aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni ba wanda zai lura.

Ba mai ƙiba kaɗai ba

Kada wani ya karanta wannan ya ce tunda ɗansa siriri ne ya tsira. A ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara shida, hawan jini ya fi zuwa ne daga wani ciwo daban, kuma mafi yawa ciwon ƙoda. Ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da ba a yi wa magani ba suna iya taɓa ƙoda bayan 'yan makonni. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka a wanka cikin dam da rafi, in ta daɗe tana lalata hanyar fitsari. Masu sikila ma ana sa ido a kan ƙodarsu. Yaron da aka haifa bakwaini ko da ƙaramin nauyi, da wanda iyayensa ke da hawan jini, su ma suna cikin waɗanda ya kamata a riƙa aunawa.

Ga wata magana kuma ga 'yan uwana mata. Akwai ƙwayoyi da ruwan magani da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba, don a yi jiki kafin biki ko Sallah. Wasunsu, irin su desametason, magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wani ciwo na daban. Jikin da suke sawa kumburi ne da kitse, kuma suna ta da jini, suna ta da sukari, suna raunana ƙashi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma yana ratsa fata ya shiga jiki. Samari kuma su kula da lemon ƙara kuzari na gwangwani da ake sha lokacin jarrabawa ko ƙwallo. Sukari ne da sinadarin da ke sa zuciya gudu.

In yaro yana yawan ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko haɓo a kai a kai, ko fuska da ƙafa sun kumbura, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ko ya yi jijjiga, wannan ba na jira ba ne. A kai shi asibiti ran nan.

Awo bai ƙare da yaye ba

Iyayenmu mata sun san awo. Tun daga haihuwa ake kai jariri kowane wata, a rataye shi a sikeli, a rubuta a kati, a yi masa allurar rigakafi. Tsarin ya tanadi a ci gaba har shekara biyar, amma da yawa da zarar allurai sun ƙare, ko an yaye yaro, sai a ajiye kati a ƙasan akwati. Daga nan yaro ba zai sake hawa sikeli ba sai in zazzaɓi ya kwantar da shi. Mace sai ta yi ciki za a auna jininta, namiji kuwa wataƙila sai zai tafi aikin Hajji. Shekarun makaranta gaba ɗaya sun faɗa cikin wannan rami.

Likitocin yara suna ba da shawarar a auna jinin yaro sau ɗaya a shekara tun daga shekara uku, mai ƙiba ko mai ciwon ƙoda kuma duk lokacin da ya je asibiti. Awon ba ya ciwo, ba ya cin minti biyar. Ana iya yi a asibitin gwamnati na Salaga, da na Yendi, da asibitin Firesbiteriya na Bawku, da ƙananan ɗakunan shan magani na unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Asibitin Koyarwa na Tamale. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta yafe wa 'yan ƙasa da shekara 18 kuɗin shekara-shekara na manya, kuma hawan jini yana cikin cututtukan da take ɗauka. Abin da ya rage shi ne a tabbata katin yaro bai mutu ba.

Abubuwa uku ne za a kiyaye wajen awo. Yaro ya zauna ya huta kamar minti biyar, ba daga gudu ko kuka ba. Abin ɗaurawar ya dace da hannunsa, domin na manya a hannun ƙaramin yaro yana rage lamba, wanda ya yi wa hannu kaɗan kuma yana ƙara ta. Sannan awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an samu ya hau a zuwa uku daban-daban. Saboda haka in an auna ɗanki aka ce ya ɗan hau, Mama, kada hankalinki ya tashi, kuma kada ki ƙi komawa. Kada kuma a ba yaro ƙwayar hawan jinin kakarsa, ko a tsaya kan jiƙe-jiƙe. Yawancin yaran da ƙiba ta jawo musu, gyaran abinci da motsa jiki ake fara sa su, magani sai in likita ya ga dole.

Abin da za mu iya yi

Maganin ba a kanti yake ba, yana cikin kasuwarmu. Tuwon dawa ko gero ko masara da miyar kuka, ayoyo, kuɓewa, yakuwa, alayyafo ko zogale. Wake a kowace siffa: tubani, ƙosai, wake da shinkafa wanda waken ya fi yawa. Gyaɗa, gujiya, ƙwai, ƙananan kifi, wagashi, nono. Mangwaro da kankana da lemo da gwanda a lokacinsu, ɗorawa da kaɗanya in sun nuna. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano, sai a rage magi daga huɗu zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Mai, ko na gyaɗa ko man kaɗe ko manja, a auna da cokali maimakon a tuttula. Ganye ya yi yawa a kwano, tuwo ya zama daidai cikin yaro. Kuma gyaran ya zama na gida duka. Ba a dafa wa yaro ɗaya nasa daban a bar shi yana kallon 'yan uwansa.

Iyayenmu, in da hali yaro ya karya a gida, ko da koko ne mai ɗan sukari kaɗan da ƙosai. A ba shi gorar ruwa ya tafi da ita. In makaranta ba ta da nisa kuma hanya lafiya, a bar shi ya taka. A daina lallashin yaro da lemon kwalba, a daina tilasta masa ya share kwano bayan ya ce ya ƙoshi. Da azumi kuma, buɗa-baki da ruwa da dabino da abinci na gaske ya fi a jera roba uku ta zaƙi da tulin soye-soye.

Malamanmu, ku kuka karantar da mu cewa jiki amana ne, kuma an hana almubazzaranci a ci da sha. Muna roƙon abu uku. Na farko, hutun minti goma sha biyar a tsakiyar karatu don a miƙe a motsa. Na biyu, a yi wa masu kawo sadaka da masu walimar sauka nasiha cewa dabino da gyaɗa da lemo da ayaba su ma sadaka ne, ba sai katan na biskit da kiret na lemon kwalba ba. Na uku, kwamitin makaranta ya nemi ma'aikatan lafiya na gunduma su zo sau ɗaya a shekara su auna nauyi da tsayi da jinin kowane ɗalibi, a rubuta a ajiye kamar yadda ake ajiye sakamakon jarrabawa. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya, ana iya ɗaura abin a kanta don kada a manta. Masu sayar da abinci a bakin ƙofa kuma a zauna da su cikin mutunci. In makaranta ta ce yara za su sayi dafaffen ƙwai da gyaɗa da 'ya'yan itace, za su kawo.

Mu kuma ɗalibai, abin da ake nema gare mu shi ne motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan hau. Ba sai a lokaci ɗaya ba. Ƙwallo, ampe, langa, tsallen igiya, keke, ɗiban ruwa, shara, aike: duk suna cikin lissafi. Tsallen igiya da ampe ko a tsakar gida ana yi, ko da ba a fita waje. 'Yan mata kada a ce mun girma da wasa. Zuciyar mace ma tana bukatar aiki. A ajiye waya in dare ya yi, domin ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma ƙarancin barci yana ƙara ci.

Magana ta ƙarshe ita ce tsokana. Kowane aji yana da wanda aka laƙaba wa suna saboda jikinsa. Wannan ba ya rage masa ko giram ɗaya. Abin da yake jawowa shi ne yaron ya daina fitowa wasa don kada a yi masa dariya, ya koma ɗaki ya ci abinci a ɓoye, wata kuma ta shiga ƙin cin abinci har ta jawo wa kanta wani ciwon. Ƙiba tana da gado a ciki, tana da yanayin gida a ciki, kuma ba yaro ne ke cefane ba. In ana raba 'yan ƙwallo, a sa shi a ciki. In ya gaji a jira shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin littafin baɗi ya fito, kowane ɗayanmu ya san nauyinsa da tsayinsa da lambar jininsa, ya kuma tambayi Baba da Mama ko sun san nasu. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ƙara wa malamanmu da iyayenmu tsawon rai. Wassalamu alaikum.